A Gidanmu Kaɗa Ake Cewa

A gidanmu ba a cewa auduga, kaɗa ake cewa. Sai da na shiga lakwal na gane duk unguwarmu a Tanut mu kaɗai muke haka, ranar da na ce wa madam ɗinmu an toshe mini kunne da kaɗa, ƴan aji suka bushe da dariya. Na dawo gida ina kumbure-kumbure, na tambayi kakata Indo, wadda ita ta raine ni tun ina rarrafe, me ya sa muke magana kamar mutanen yamma. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗen da take, ta ce, "Ke dai je ki ci tuwo." Sai ƙanwar kakana, Kaka Salamatu, ta ja ni gefe ta dungure mini kai, ta ce, "Shashasha, yaya sunan kakanki?"

Sunan kakana Audu. Ni jika ce, ba mai hana ni faɗa, in na ga dama ma har da waƙa. Amma Indo ta yi shekara arba'in da shida a ɗakinsa, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Malam take cewa. In an haifi yaro a dangi aka sa masa Audu, a wurinta ya zama Mai Sunan Malam har ya yi gemu. Ita ma auduga, da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, laifinta kawai ta fara da sunan Malam, sai aka kore ta daga gidan, mu duka muka tashi ba mu san ta ba.

Shi kuwa Tsoho, haka nake kiransa, bakinsa ba ya gajiya da nata sunan. In ya dawo daga masallaci ko kasuwa, ƙafarsa ɗaya tana zaure zai ɗaga murya: "Indo!" Ita kuma ko tana bayan rumbu za ta amsa: "Ga ni." Ba wani abu yake nema ba. Sau tari daga nan sai ya wuce ya shimfiɗa tabarmarsa, ita ma ta ci gaba da aikinta. Shekara shida ke nan da rasuwarta, har yau in ya shigo zaure yakan ɗan tsaya kafin ya ƙarasa ciki.

Abin da ya rage mana na muryarta kaset ɗaya ne. Tun kafin a haife ni Tsoho ya yi aikin tuƙi a Arlit, iyali suna ƙauyen Falanko. Lokacin babu salula, ita kuma ba ta rubutu, don haka wasiƙar kaset ake yi. Mutum ya zauna gaban rakoda ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke akwai, a ba direba ya kai. In an saurara sai a ɗora amsa a kan tsohuwar maganar a mayar, kaset guda ya yi ta kai da kawo har ya gaji. Wannan kaɗai ne Tsoho ya ƙi shafewa. Ya sayi sabo ya yi amsa, wannan ya naɗe shi a hula ya sa a ƙasan akwati.

Ba wani abin a zo a gani a ciki. Gaisuwa ce, da labarin gero ya yi kyau, tunkiya ta haifi biyu, a aiko da sabulu da ganyen shayi da takalmin yaro. A bayanta ana jin mata suna daka. Kaka Salamatu, wadda lokacin ba ta yi aure ba, ita ta danna rakodar, tana gefe tana tuna mata abin da za ta ce. Can wajen ƙarshe akuya ta faɗa cikin shanyar gero, Kaka Salamatu ta tashi a guje tana ihu, ta bar rakoda tana juyawa, Indo ta rage ita kaɗai a ɗaki. Sai a ji ta yi wata ƴar magana ƙasa-ƙasa, ba ta fi numfashi ɗaya ba, daga nan sai ƙarar kashewa.

A kan wannan ƴar magana wa da ƙanwa suka shekara talatin da wani abu suna musu. Ita Indo, tun tana da rai, ba ta taɓa yarda ta raba musu gardama ba. Tsoho ya ce sunansa ta kira. Kaka Salamatu ta ce ko kusa, auduga ta ce, suɓutar baki ce, tana cikin jera saƙo ta tuna da matashin kai da take so ta cika.

"Wa ke aikawa Arlit neman kaɗa?" in ji Tsoho. "Can dutse ake haƙa."

"To wa ke kiran sunan miji?" in ji Kaka Salamatu. "Yaya, matar da ko a gadon asibiti Malam ta ce maka?"

Ni dai in an bi ta kunnena, Kaka Salamatu ce da gaskiya. Na saurara sau da yawa, kuma "ga" ɗin nan ta ƙarshe ina jin ta sarai: au-du-ga. Amma ban taɓa faɗa masa ba, don ina son tsohon nan, kuma na san abin da maganar take a wurinsa. Bai taɓa shakkar Indo ta kula da shi ba, wanda aka yi wa tuwo shekara arba'in da shida ba ya wannan shakka. So yake ya san ko sau ɗaya, ranar da ba kowa, ta kira shi yadda uwarsa ta kira shi.

Rakodar tasa kuwa ta tsufa, bakin da sauti ke fita ya yage, in ta kama sai ka ce ana suyar ƙosai. Kaset ɗin ma ya taɓa tsinkewa, aka liƙe shi da jan farce, tun daga nan ba a mayar da shi baya da na'ura, da bik, wato biro, ake murza shi a hankali. Na taɓa kara salulata na ɗauka, abin ya ƙara lalacewa. Shi kuma kunnensa na hagu ya fara yi masa gardama. Bara da Sallah ya ce mini, "Madam, kunne na tahiya, kaset na tahiya. Ina so in ji kahin ɗaya ya riga ɗaya." Madam yake ce mini tun da na fara koyarwa a Belbeji, wai don ya ja ni.

Na kai maganar wurin Kawu Abdulgafar, babban ɗansa da ke Damagaram. Ba a yi wata biyu ba ya aiko da ampuli mai ƙara ƙarfin sauti da na'urar kaset, na hannu ne amma masu lafiya. Bafal ne kawai babu, wato akwatunan da sautin ke fita, waɗanda mutanen Kano ke kira sifika. Ya ce wannan ba a yi wa mutum zaɓe, a kai Baba ya zaɓa da kunnensa, ko nawa ne shi zai ji da shi. Da na zo hutu sai muka sa rana.

Da hantsi muka fita, ni da na'urar kaset a ka, na naɗe ta da zane, Tsoho da kaset a aljihun gaba yana dafe da shi, Kaka Salamatu kuma ba wanda ya gayyace ta, ta yafa gyale ta biyo mu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, kuma ba a sayen ko tsintsiya ba da bakinta ba. Duk hanya tana tsokanarsa.

"Zuhaira, kin san abin da kakanki ya yi a kaset ɗin da ya aiko kahin wannan? Duk gida an taru, har da maƙwabta, aka danna. Ba sallama ba komai, sai muka ji 'Indo!' Ya yi shiru, wai yana jiran amsa. Daga Arlit fa! Mata suka yi ta dariya har da masu faɗuwa. Ita kuwa baiwar Allah ta ja zane ta ruhe fuska, ko uffan."

"Na manta ne da na'ura nake magana," in ji Tsoho.

"Ka manta dai."

Shagon Mailafiya yana bayan tasha, tun daga nesa ake jin sa a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Mailafiya mutum ne mai fara'a, gajere, da sukundireba a bayan kunne, rabin shagon kayan sayarwa ne, rabi kayan gyara. A bakin ƙofa ya jera dogayen bafal, wasu sun kai mini kafaɗa, baƙaƙe wuluk, da fitilu ja da shuɗi suna zagayawa. Kaka Salamatu na ganinsu ta riƙe haɓa.

"Yaya, ga su nan. Ba sai mun shiga ba."

Mailafiya ya gaishe mu har ƙasa, ya ji abin da ya kawo mu, ya shafa kan mafi tsawon. "Baba, wannan shi ake yayi. In ka kunna shi a nan, har mutanen garin Tarka sai sun taka rawa. Bari ka ji." Ya soka ƴar kile, wato filas mai ɗauke da waƙoƙi, kiɗan biki ya tashi, gwangwanayen da ke kan kanta suka kama rawa, wasu samari uku da ke zaune a benci suka hau gyaɗa kai. Tsoho ya tsaya kamar an dasa shi har sai da Mailafiya ya rage.

"Ɗana, ba da wannan zan gwada ba. Na zo da nawa."

Da na kwance zane Mailafiya ya ga na'urar kaset, ya yi dariya ya ce rabon da ya ga irinta tun yana koyon aiki. Amma ya karɓa da hannu biyu, ya hura ƙura, ya goge kan da ke karanta kaset da tsumma mai tsabta, ya haɗa wayoyi. Tsoho ya fito da kaset ya riƙe, bai miƙa ba, yana kallon samarin nan. Mailafiya ya dube shi, ya dube su, ya gane. Muryar matar mutum ba abin bajewa a gaban ƴan zaman benci ba ce.

"Ku je ku sha iska," ya ce musu. Ya saki labulen ƙofa.

Aka danna. Abin da ya fara fitowa daga dogayen nan daka ne. Ban taɓa sanin dakan da ke cikin kaset ɗin ya kai haka ba. Dum, dum, dum, kowane saukar taɓarya sai na ji shi a tafin ƙafata. Muryar Indo tana can baya, a dushe, kamar mai magana daga cikin randa. Mailafiya kuwa fuskarsa ta cika da murna.

"Ka ji ko, Baba? Ka ji luguden nan? Kamar a gabanka ake yi!"

Tsoho ya ɗaga hannu a tsayar. Ya ce, "Na ji, ɗana. Amma ni ba turmi na aura ba."

Dariya ta kuɓuce mini, Mailafiya ya yi ta yi har da dafa kanta. Kaka Salamatu kaɗai ta tsuke baki, ta ce ai ƙarfi shi ne sauti, kuma in za a sayi abu a sayi wanda baƙo zai shigo ya gani.

Aka koma kan wasu dogayen, sirara, masu baki huɗu-huɗu a jere daga sama har ƙasa. Su kuma sai tsiwa, duk "s" ɗin da Indo ta faɗa sai ta soki kunne. Tsoho ya matsa kusa, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa gefen akwatin yadda ake gwada tukunya a kasuwa. Ya amsa masa fayau, kamar busasshiyar ƙwarya. Ya sa aka sake dannawa kaɗan, ya bi bakunan nan huɗu yana ɗora yatsu a kan kowanne. Direba ne, ya saba jin ciwon mota da tafin hannu.

"Ɗaya ke motsi. Sauran ukun me suke yi?"

Mailafiya ya sosa ƙeya. "Walle Baba ka kama ni. Ado ne. Ba ni na ƙera ba, haka suke zuwa. Mutane da ido suke saye, in ban ajiye ba su tahi wani wuri."

Daga nan ya daina yi mana tallar kasuwa. Ya jawo kujera ya ba Tsoho, shi ya tsuguna a gabansa. Ya tambayi girman ɗakin. Tsoho ya ce taku biyar ne da huɗu, ginin ƙasa, rufin azara. Ya tambaya a kujera ake zama ko a ƙasa, aka ce a tabarma. Ya tambaya me za a riƙa saurare, kiɗa ko wa'azi ko labarai.

"Murya," in ji Tsoho. "Ta mutum ɗaya."

Mailafiya ya ce dogo na babban fili ne, na biki da taro, a ƙaramin ɗaki gurnaninsa ke cika wuri ya danne magana. Ya tashi ya je ƙuryar shago inda yake dafa shayi, ya sauke buta da ƴan kofuna da gwangwanin sukari daga kan abin da na ɗauka teburi ne. Ashe wasu ƴan bafal ne guda biyu, na katako, ruwan ƙasa, ko kamu ɗaya ba su kai ba. Ɗaya ma da zanen gindin kofi a kansa. Ya ce wani tsohon ma'aikaci ne ya sayar masa da zai koma garinsu, sun fi shekara a nan ba wanda ya taya, don ba su da fitila.

"Waɗannan?" in ji Kaka Salamatu. "Ai ko kaza ba ta yi kwanci a ciki."

Na ɗaga ɗaya don in miƙa, na ji nauyi ya ja mini hannu. Tsoho ya ƙwanƙwasa. Bai amsa ba sam, tim, kamar an bugi cikakken buhu. Ya ɗaga gira.

"Katako ne mai kauri," in ji Mailafiya, "kuma cikinsa an cushe shi da auduga, don kada akwatin ya riƙa sa baki cikin magana."

"Kaɗa," muka ce, mu uku a tare, har da Kaka Salamatu. Mailafiya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai san me ya taka ba, ya ce to, kaɗa.

Ya ɗora su a kan kanta, ya raba su, ya juyo da fuskarsu wajen Tsoho, ya danna. Ni dai ban shirya ba. Dakan yana nan, amma ya koma tsakar gida inda ya kamata ya tsaya. Indo kuma ta shigo shagon. Ba muryar tsohuwar da na sani ba, ta mace mai ƙuruciya, amma ita ce, da ƴar shaƙewar nan da take yi kafin ta fara magana, da yadda take jan "lahiya lau". Har ƙarar awarwaronta na ji lokacin da ta gyara zama. Ta ce, "Malam, muna gaishe ka, yara suna gaishe ka." Kewarta ta taso mini gaba ɗaya, na juya ina karanta takardun da ke manne a bango kamar ina neman wani abu.

Tsoho ya bari har ta kai kan tunkiyar da ta haifi biyu, sannan ya miƙa hannu da kansa ya tsayar. Ƙarshen ba na kasuwa ba ne. Ya ce, "Su nake so."

Da Mailafiya ya faɗi kuɗinsu, ko rabin na dogayen bai kai ba, kuma abin da ya ƙara ɓata wa Kaka Salamatu rai ke nan. Ta ce yaro ya ce ko nawa ne, an zo an ɗauki na shan shayi, gobe a ce Abdulgafar ya kasa. Tsoho ya ce duk wanda ya faɗa a turo shi ya zo ya ƙwanƙwasa. Mailafiya ya goge su tas, ya yanko waya mai kauri, ya nuna mini ja a ja, baƙi a baƙi, ya ce in na juya ɗaya muryar za ta watse. Ya ce kada a manna su da bango, a bar kamar tafin hannu biyu. A raba su, mai saurare ya zauna a tsakiya, kuma su yi daidai da kunnensa, ba sama ba, ba ƙasa ba. Har muka fita ya biyo mu bakin ƙofa yana cewa, "Daidai kunne fa, Madam."

A gida wannan daidai kunnen ya zama aiki. Kantar da ke ɗakin Tsoho ta yi sama, ta jeren kwanonin Indo ce, kuma ba mai taɓa su. A ƙasa kuma sun yi ƙasa. Muka gwada kujera ƴar tsugune, ta yi gajarta. Ina tsaye ina tunani sai na ji ana gungaro abu daga tsakar gida. Kaka Salamatu ce, tana haki, da tsohon turmin Indo wanda ya tsage aka daina daka a ciki. Ta koma ta kawo na biyu, wanda muke amfani da shi. Ta kife su, ɗaya dama ɗaya hagu, ta sa tubali a ƙarƙashin wanda ya gaza.

"Ga turmin da ba ka aura ba," ta ce. "Ya yi rana."

Tsoho ya zauna a tabarma, na duba, sun yi daidai da kunnensa kamar an auna. Na haɗa ja a ja, baƙi a baƙi. Ina kai hannu zan kunna aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Haka muka yi azahar, muka ci abinci, muka yi la'asar, ba wanda ya ambaci kaset. Tsoho ya fita zaure ya dawo ya fi sau biyar. Ni kuwa na san abin da kunnena ya saba ji, kuma yanzu ba sauran suyar ƙosai da za a laɓe a bayanta. In auduga ce, auduga za ta fito, tas, a gaban ƙanwarsa. Har na fara cewa a raina da ma dogayen muka saya.

Rana ta yi sanyi fanka ta motsa. Tsoho ya shigo ya zauna a tsakiyar tabarma, ya juyo da kunnen dama kaɗan. Na yi kamar zan fita in ba shi wuri, ya ce in zauna. Ya ce da Kaka Salamatu ita ma ta zauna, ai da ita aka yi musun. Na kashe fanka don kada ta yi mana surutu, na danna daga inda aka tsaya a shago.

Indo ta gama labarin tunkiya. Ta ce a aiko da sabulu, da ganyen shayi. Aka ji wata yarinya a gefe tana raɗa, "Takalmi, takalmi," Indo ta ce, "Da takalmin yaro." Kaka Salamatu ta rufe baki jin muryarta ta ƙuruciya. Sai ga ƙarar kwano ya kife a waje, yarinyar ta zabura, "Kai! Kai! Akuyar nan ta kashe mu!" Takun gudu ya yi nisa. Masu daka ma suka tsaya, da alama sun bi akuyar.

Ɗakin ya yi tsit, na can da na nan. Ana jin numfashin Indo kusa da rakoda. Awarwaro ya motsa. Ta yi wata ƴar dariya ta hanci, irin ta wanda zai yi abin da bai taɓa yi ba. Sannan a hankali, amma kowane harafi a fili, ta ce:

"Audu."

Ta ɗan tsaya, tsayawar da tsohuwar rakoda ta shekara talatin tana haɗiyewa.

"Ga ni."

Ƙarar kashewa ta biyo baya, sai shuuu na kaset da ba komai a kai. Ashe "ga" ɗin da nake ji ke nan. Ashe kiran da ya yi daga Arlit, wanda mata suka yi wa dariya, ba ta bar shi ya faɗi ƙasa ba, jira ta yi ɗaki ya zama ba kowa.

Ban iya kallon Tsoho kai tsaye ba, ta gefen ido na gan shi. Bai yi kuka ba, bai kuma juya ya ce wa ƙanwarsa "na faɗa miki" ba, ni kuwa na ɗauka da wannan zai fara. Ya gyara zama, ya daidaita hularsa kamar wanda babba ya kira, ya dubi tsakanin turamen nan biyu inda ba kowa, ya amsa da muryar da ban san yana da ita ba.

"Na'am."

Kaka Salamatu ta miƙe da sauri, tana goge fuska da bakin gyale, ta ce bari ta duba, kamar ta ji akuya a tsakar gida. Rabonmu da akuya a gidan nan tun kafin in tafi Belbeji.